Ƙato da Ɗan Noti

Hajjo mai shinkafa da wake ba ta san sunansa ba, amma tun da aka fito hutun rana a masaƙar nan ta Bompai ya tare mata rabin benci, ko loma bai saya ba. Ƙato ne, wuya kamar turmi, auduga duk ta manne masa a gemu. A cinyarsa ga ɗan jirgin sama da ya ƙera da gwangwanin madara, saura ɗaurin fiffike ɗaya.

"Hajiya, a taimaka min da ɗan sabulu."

Ta miƙa masa na wanke-wanke tana harararsa. Ya goga wa wani noti da bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya danna sukundireba sosai, yana murɗawa a hankali, harshe a waje, kamar mai cire wa jariri ƙaya. A ranta ta ce da wuya in matarsa ta taɓa samun irin wannan lallashi. Jirgin alhazai na gaske yana wucewa ta kansu da rugugi, ko ɗaga kai bai yi ba.

Jiniya ta yi kuka, ma'aikata suka kwasa a guje.

"Malam, za su rufe ƙofa su sallame ka fa!"

"Hajiya, in sun kore ni akwai masaƙu a Sharada, akwai a Challawa. Kan notin nan kuwa in ya cinye, duk Kano ba mai kwance min shi."

Hajjo ta ja tsaki, ta ajiye ludayi, ta riƙe masa fiffiken.