Ƙullin Inna a Kebul ɗin Intanet

Jama'a, yau na ga gyaran intanet da ba a koyarwa a ko'ina!

Ƙarfe uku da rabi ina gida, Tudun Wada. Dole in tura shirin rediyona kafin huɗu, ko a saka na wani. Sai kwamfuta ta ce babu intanet.

Ban ruɗe ba. Na kashe, na kunna. Shiru. Na leƙa bayan kwamfutar, 'yar fitilar da ke bakin kebul ba ta ci. Na zare, na mayar. Shiru! Na'urar intanet tana falo, lafiyarta ƙalau. Ke nan matsalar tana hanya.

Na bi kebul ɗin da ya taho daga falo zuwa ɗakina ta tsakar gida. Daidai turken rago na ci karo da ƙulli. Ƙulli sosai, irin na igiyar guga!

Na ce, "Inna, wa ya taɓa wannan?"

Mahaifiyata ta ce, "Ni ce. Rago ya tauna, na yanke wurin da wuƙa, na ƙulla maka. Ja ka ji."

Na kira Emeka mai gyara a unguwar Kongo. Ya ce, "Oga, sai bayan La'asar."

Na sunkuci kwamfutar gaba ɗaya zuwa falo, na haɗa da guntun kebul. Fitila ta kama! Huɗu saura minti uku shiri ya tafi. Na ce, "Alhamdulillahi!"

Inna ta leƙo ta taga. "Ya yi ko? Ai ni ƙullina ba ya kwancewa."