Manasse Mai Lambu da Garwar Yashinsa

Kullum kafin rana ta hau katanga Manasse ya riga ya iso a kan tsohon kekensa. Zai jingine shi jikin bishiyar mangwaro, ya ce, "Baba Ajimi, an kwana lafiya?" Ni kuma in ce, "Mai gadi yana kwana ne?" Sai ya ja tiyo ya bi shukoki ɗaya bayan ɗaya, yana juya ganye yana duba bayansa. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki a gida guda a GRA ta Maiduguri, ni ina bakin ƙofa a ashirin daga ciki. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Na san ba wanda zai tara mutane saboda mai ban-ruwan fulawa, shi ya sa na sa a rubuta wannan. Ni ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba malamin da zai gyara mini shi.

Ku san wanda yake magana. Na ga rikicin Bulumkutu da idona. Ambaliyar da ta ci gari na fita daga cikinta da buhun gero a ka. Harbin da aka yi kwana huɗu ana yi a garin nan, ban bar bakin ƙofata ba. Amma ranar da zan ba ku labari, na ji tsoro.

Shekarar da mutanen Bama suka gudo cikin gari ne, bayan damina. Maigidan ya kwashe iyalinsa ya yi Abuja, ya bar mu mu biyu. Lokacin ko leda ka gani a gefen titi sai ka canja hanya. Aka ba da umarni a sassare rassan dalbejiyar da suka rufe katangu, kada wani ya ɓuya a ciki. Masu sara na cikin aiki sai ga hawainiya ta faɗo tare da reshe, ƙatuwa, ƙafa ɗaya ta baya ta goce. Wani ya ɗaga sanda. Manasse ya kifa hularsa a kanta.

Na ce, "Ba dai cikin gidan nan ba. Mu an raine mu a kan cewa yawun wannan abu in ya taɓa ka fatarka ta lalace. Ko ita ko ni."

Ya ce, "To, Baba Ajimi."

Ashe "to" ɗin nan ta baki ce. Ya kai ta bayan ɗakunan ma'aikata, inda ba na zuwa, ya lulluɓe bishiyar lemun tsami da tsohon gidan sauro ya sa ta ciki. Daga baya na ji yadda ya yi da ita. Fara mai rai yake kamo mata, a garin da mu muke sayen fara a soye. Ba ta shan ruwa a kwano, sai ɗigon da ke kan ganye, sai ya samo robar ƙarin ruwa ta asibiti ya rataye da gora tana ɗiga. Bayan mako uku ta daina ci, ta sauko ƙasa tana yawo tana tono. Nan ya gane ƙwai ne fal cikinta. Wajen kuwa duk siminti ne, ba inda za ta haƙa ta saka su.

Ni abin da na gani daban. Na ga Manasse ya shigo da yashi baro biyu. Na ga ya mirgina rabin garwa zuwa baya. Na ga ya sa kwaɗo a ƙyauren lambun, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce mini, "Kada ka je baya kwana biyu, na fesa maganin ƙwari." Hancina bai ji warin komai ba. Na kuma san 'yarsa Lauratu tana ƙauyensu can kudu, an yi sati biyar ba labarinta, kuma mun ji yadda yaran daji, masu tayar da ƙayar bayan nan, ke riƙe ɗan mutum su ce uban ya ajiye musu bam. Washegari da hantsi na taka bulo na leƙa. Garwa a rufe da baƙin buhu. Siririn abu kamar waya ya sauko daga reshe ya bi gefenta. Manasse na tafiya da sanɗa, ba takalmi.

Na sauko daga bulon. A lokacin, in aka sami irin wannan a gida, ba a tambayar wa ya sani wa bai sani ba. Na tafi mahaɗa wajen 'yan gora, samarin da ke tsaron unguwa, na gaya wa shugabansu Umara. Ni na kai ƙarar. Ba wani ba ne, ni ne.

Suka zo su bakwai ana kiran azahar. Suka sa Manasse ya cire riga, ya durƙusa, hannu a ka. Maƙwabta suka fara fitar da yara ta ƙofar baya.

Umara ya ce, "Baba, mene ne a garwar?"

"Hawainiya ce. Ƙwai take sakawa."

Wani ya yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Umara ya ce, "To madalla. Mu za mu koma bayan katanga. Je ka kifar da ita, mu ga yashin a ƙasa, kowa ya tafi ya ci abinci."

Wallahi na ji sanyi a raina. Na ce shi ke nan, an gama.

Manasse ya ce, "Ba zan kifar ba."

"Me ka ce?"

"Tun jiya take haƙa. Yanzu tana can ƙasan rami. In na kifar yashin zai danne ta. Ko buhun na ɗaga ta ga ido, za ta bar ramin, ƙwan ya maƙale a cikinta ya kashe ta. Ku ba ta zuwa la'asar."

Umara ya tsuguna gabansa. Ya yi ƙasa da murya, amma na ji. "Baba, ka haife ni. In na aika a kira masu kwance bam, garwar za su fasa, kai kuma motar sojoji za ka shiga. Ka san wanda ya shiga motar nan Allah kaɗai ya san ranar dawowarsa. Saboda hawainiya?"

Gumi na bin haƙarƙarin Manasse, na gani. Ya ce, "Ɗana, ku ɗaure ni a jikin garwar. In bam ne, ni zai fara ci."

Kai ne wannan, Manasse. Ba jarumi ba ne kai a ido, ko kaza ba ka iya yankawa. Amma kai ne ka zauna ka jingina bayanka da garwa, hannu a ɗaure, a zafin ranar Maiduguri, don abin da duk unguwar ba mai son ya taɓa shi ko da sanda.

Umara ya ce sai wani ya leƙa, akwai 'yar huda a buhun. Samarin suka kalli juna. Ya juyo gare ni. "Baba Ajimi, kai ka kawo magana."

Taku ashirin ne daga ƙyaure zuwa garwar. Na yi kalmar shahada sau uku a hanya. Ban san wanne na fi tsoro ba, ya zama bam ko ya zama ita. Manasse ya raɗa mini, "A hankali, kada inuwarka ta faɗa kan buhun." Mutumin da na kai ƙara, abin da ya dame shi ke nan. Na sa ido. Duhu, sannan na ga bakin rami kamar faɗin hannu, da ƙarshen wutsiya duk ta yi yashi, tana motsi kaɗan-kaɗan. Wayar kuwa roba ce, ruwa na ɗiga.

Na dawo na faɗa. Umara ya ce, "Wutsiya ka gani. Ba ka ga abin da ke ƙarƙashinta ba." Gaskiyarsa. Ya duba agogo ya ce in aka idar da la'asar ba ta fito ba, zai aika.

Muka zauna bayan katanga. Muka yi ta jira. Can wajen gari muka ji dum, ƙasa ta amsa, tsuntsaye suka watse. Wani saurayi ya miƙe da adda ya ce, "Shugaba, wasa muke yi da ranmu!" Umara ya ce ya zauna. Aka kira la'asar. Muka yi salla biyu-biyu, wasu na gadi. Aka idar. Umara ya kira wanda zai aika, har yaron ya kama keke.

Sai Manasse ya ce, "Tana rufewa. Ina jin ta a bayana."

Umara ya tafi da kansa ya leƙa. Ya daɗe. Ya dawo yana girgiza kai ya ce ta fito tana mai da yashi, tana daddanna shi da kanta. Aka ƙara jira har ta hau sandar da Manasse ya kafa mata cikin garwar. Da aka ɗaga buhun, ta rame ta yi baƙi, fatar cikinta ta saki. Aka kwance Manasse, igiya ta ci hannunsa. Na miƙa masa buta. Bai sha ba sai da ya yayyafa wa ganye, ya tsaya ya ga ta lasa. Sannan ya ɗauko cokali ya bi ramin a hankali. Ƙwai talatin da huɗu, farare, kamar wake. Ya jera su a kwano da yashinsu ba tare da ya juya ko ɗaya ba. Aka kifar da garwar har ƙasa. Yashi ne kawai.

Da suka tafi na tsaya ina jiran zagi. Ya sa rigarsa ya ce, "Baba Ajimi, ni na yi maka ƙarya. Da ni na leƙa na ga haka, ni ma zan faɗa." Lauratu ta iso gari da ƙafarta bayan kwana goma sha ɗaya, ni na buɗe mata ƙofa. Hawainiyar ya sake ta da ta murmure. Ƙwan suka yi watanni a ɗakinsa yana jiƙa yashin, goma sha tara suka ƙyanƙyashe.

Ku samarin yanzu, ga wanda za ku duba. Tsoro ya sa manya sun gudu sun bar iyayensu a kwance, na gani. Wannan bawan Allah ya ji tsoro fiye da kowa a wajen, bai bar abin da ya ɗauki amanarsa ba. Duk abin da aka sa a hannunku, jinjiri ne ko majinyaci ko dabba, ku tsaya masa haka.

Wushe, Manasse, wushe ƙwarai, sannu ke nan da yarenmu. Allah ya ba gwiwarka lafiya. Shekara bakwai muna cin tuwo a kwano ɗaya tun ranar, akwai kalmar da bakina ya ƙi fitarwa. Ni Ajimi ban taɓa ba namiji haƙuri ba. Yau na sa an rubuta, kowa ya karanta: na kusa kashe ka. Ka yafe mini.