Ƙwaryar Inna da aka yi wa fenti

Shekarun baya, ba a daɗe da rasuwar mahaifiyata ba, wani abokina ya same ni a shagona na rubutun allon shaguna a Kazaure. Ya ce ƙungiyarsu ta samu ɗaki ta tara kayan da, irin su akushi da mazari da tsohuwar garma, amma yara ba sa zuwa. Ko sun leƙo sai su ce kayan kaka ne, su wuce. Yana so in riƙa koya musu zane lokacin hutu, su zauna gaban kayan su zana. Ni da ƙwarewata ba ta wuce rubuta "Akwai ƙanƙara" ba, sai ga shi ana ce mini Malam. Na yarda, don a lokacin zaman shiru yana damuna.

Da farko yaran zanen akushi suke kamar an sa su dole. Sai na tuna ƙwaryar Inna, wadda ta yi tallan nono da ita a kasuwar Gwiwa tun kafin a haife ni. Hannu da shekaru sun mai da ita ja, jikinta duk zanen wuƙa, ga tsagu a gefe da ta ɗinke da kanta. Tana wajen yayata a ƙauyenmu kusa da Roni.

Na je na roƙi Yaya aron ƙwaryar. Ta ce, "Auta, Inna ba ta bar mana gona ba, ba ta bar saniya ba. Wannan ce kawai."

Na ce, "Aro ne, Yaya. Yara za su kalla su zana, shi ke nan."

Ta naɗe ta a zani ta miƙo mini. "Yadda ka ɗauka, haka za ka dawo mini da ita."

Ranar da na ajiye ta a tsakiyar tabarma, ajin ya canza. Kowa yana so ya taɓa ɗinkin. Wata yarinya ta ce, "Malam, ita ba ta san ana sayar da sabuwa ba ne?" Aka yi dariya, har da ni. Na ce su je gida su tambayi kakanninsu dalili. Suka dawo da amsoshi, wasu har da faifai da ludayin da suka aro. Muka sayi sababbin ƙore suna koyon zanen a kai. Wasu suka kwafe shi a kan ƙyalle. Ɗakin da babu mai shiga ya koma sai an kore su sallar la'asar.

Ana cikin haka aka ce manyan baƙi za su zo ganin aikin. Kun san halinmu in za a yi baƙi: a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a shafa wa gindin bishiya, har turken akuya ba ya tsira. Ana gobe za su zo, aiki ya kai ni Babura. Da safe na shigo ɗakin, sai na ga komai yana ƙyalli. An wanke akushi an goga masa mai. Ƙwaryar Inna kuwa tana kan tebur, an yi mata fenti kore da fari. An yanke zaren ɗinkin, an cike tsagun da gam. Fentin ma nawa ne, wanda na bari a kusurwa.

Na sami shugaban ƙungiyar, wani Alhaji da ya haife ni a shekaru. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya yi wannan?"

Ya ce, "Ni na sa. Haba Malam, manyan mutane za su zo, mu nuna musu ƙwarya mai ɗinki? Sai su ce talaucinmu muka baje musu."

"Ta mahaifiyata ce."

"Allah ya jiƙanta. In dai ƙwarya ce, bari ranar kasuwa ta zo, in sa a kawo maka wadda ta fi ta."

Da fara'arsa ya faɗa, yana dafa kafaɗata. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Baƙi suka zo, suka tafa, suka ɗauki hoto da ita. Yaran suna tsaye a bango, babu wanda ya matsa kusa.

Na gwada kananzir, na gwada tsumma da ruwan zafi. Fentin ya riga ya shige cikin zanen. Haka na hau babur na kai wa Yaya, ina ta shirya maganar da zan faɗa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓa, ta juya ta, sannan ta kifa fuskarta a ciki ta shaƙa. Ta ɗago ta ce, "Ƙamshin Inna ya tafi." Ta miƙo mini. "Tafi da ita, Auta. Ba ita ba ce."

Mun daɗe da shiryawa da Alhajin, muna gaisawa a masallaci. Amma ba zan ɓoye muku ba, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Da ɓarawo ne ya ɗauke ta, da na ce ƙaddara. Wannan kuwa mutumin da ya tara kayan da ne don a girmama su, amma a ransa kunyarsu yake ji. Yana son tarihi, sai dai ba ya son a ga inda ya tsage.

Ban daina koya wa yara ba. Yanzu a ƙofar shagona muke yi, kuma duk wanda ya aro abu a gida, da hannunsa yake mayarwa kafin magariba. Ni mai fenti ne, da shi nake ciyar da iyalina. Amma abu na farko da nake koya wa kowane yaro shi ne inda ba a shafa shi.