Hazama Tokiko da Maɓallan Ƙafar Sakuji

Sai hantsi ya ɗaga Hazama Tokiko take isowa shagonta. Ba ta taɓa zama mai sammako ba, kuma ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba. Takan jingine kekenta a gindin matakala, a lungun da ke bayan masu sayar da kayan lantarki na unguwar Nipponbashi a birnin Osaka na ƙasar Japan, ta hau bene tana dafa gwiwa tana tsine wa wanda ya gina matakalar. Idan ta buɗe ƙofa rediyo take fara kunnawa, sannan ƙarfen narka darma, sannan ta zuba shayin sha'ir a kofin da babu wanda ya isa ya taɓa. Wanda ya riga ta zuwa yana zaune da akwatinsa a cinya, sai ta ciro alawa daga jaka ta miƙa masa, ta ce ya shigo ya faɗi abin da ya lalata da hannunsa.

Aikinta shirya na'urorin masu kaɗa jita. Mai jita a yau yana da akwatin da ke sauya masa amo, ya mai da shi mai laushi, ko mai gurnani, ko mai amsa-kuwwa. Yana kuma da faranti mai maɓallai da yake ajiyewa a ƙasa yana takawa, tunda hannuwansa biyu suna kan tsirkiya. Farantin da akwatin suna magana da juna ta waya, da yaren lambobi da ake kira MIDI: ka taka maɓalli, lamba ta tafi, akwati ya sauya murya. Idan an shirya su daidai, mai sauraro ba zai ma san da su ba. Idan an kuskure, duk zauren zai ji.

Fiye da shekara talatin tana wannan aiki a Osaka. Ƙarshen watan nan za ta rufe, domin za a rushe ginin, ita kuma za ta koma wurin ƙanwarta a garin Wakayama. Ni sunana Chizuru, fiyanon lantarki nake kaɗawa, kuma ba na so ta tafi ba a faɗi abin da ta yi mana ba.

Kusan kowane makaɗi a garin nan yana da labarinta. Akwai mai kiɗan bakin gada da ruwan sama ya jiƙa wa kaya, ta busar masa da na'urar busar da gashi tana yi masa faɗa har ta gama. Akwai matar da mijinta mai jita ya rasu, ta ɗauko akwatinsa ta ce so take ta sake jin amon da yake kaɗawa a ɗaki. Tokiko ta haɗa wayoyin, ta nemo amon, ta kaɗa tsirkiya sau ɗaya, sannan ta fita sayen abin da ba ta bukata ta bar matar ita kaɗai. Amma wanda na gani da idona shi ne na Umemoto Sakuji, mai jitar ƙungiyarmu.

Mu biyar ne, muna kiɗa da rana a zauren rawa na Kogiku da ke unguwar Juso. Masu zuwa galibi tsofaffi ne, mata da miji, wasu da sanda a hannu har sai kiɗa ya tashi su jingine ta. A ƙarshen bara, ana tsakiyar wata waƙa mai sanyi, Sakuji ya kai ƙafa ya taka maɓallin da ba shi ba. Gurnani ya fashe daga lasifika kamar an tayar da babur a cikin ɗaki. Wani dattijo mai na'urar ji a kunne ya zabura ya saki matarsa, ta faɗi ta gurɗe a wuyan hannu.

Mai zauren, Daimon-san ("san" ɗin na girmamawa ne), ba mugun mutum ba ne. Ya kai matar asibiti da kansa. Da ya dawo ya ce mana abokan cinikinsa ƙasusuwansu ba na wasa ba ne, in haka ta sake faruwa zai sallame mu ya riƙa sa faifai. A ranar, muna cin taliyar udon a shagon da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, Sakuji ya gaya mini zai bar kiɗa. Na matsa masa, sai ya faɗi gaskiya. Ciwon ido ne yake cin ganinsa daga gefe. Abin da ke gabansa yana gani kamar ta cikin bututun gora, amma ƙananan fitilun farantin da ke ƙasa sun daɗe da ɓace masa. Da hadda yake takawa, haddar ce ta ci amanarsa. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa.

Washegari na ɗauki farantinsa na kai wa Tokiko, na ce mata maɓallan ne suka yi kusa da juna. Ta jujjuya shi, ta taka kowanne, ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce farantin lafiyarsa ƙalau, in je in kawo mata mai shi.

Da ƙyar na jawo shi. Yana shiga ta nuna masa tabarmar roba a tsakar shago, ta kira shi da sunan wasan da ta saba.

"Saku-chan, cire takalminka."

"Toki-san, gyaran na'ura na zo, ba gidan wanka ba."

"Na'urarka ba ta tsufa ba, kai ne ka tsufa. Cire, ka rufe ido, ka kaɗa mini abin da kuke kaɗa wa tsofaffin nan."

Ya waiwayo ya harare ni, na rantse masa ban faɗa ba. Tokiko ta ce babu wanda ya gaya mata komai, ta dai ga yadda ya lalubi ƙofar shagon da ya saba shiga shekara da shekaru. Ta zauna a ƙasa, da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ya yi ta kaɗawa tana kallon ƙafarsa. Ta gano cewa a kan diddigen hagu yake dogara, ƙafar dama kuma wurare uku kawai take kaiwa da tabbaci ba tare da ido ba.

A kan wannan ta gina masa sabon faranti. Ta bar tsohon mai maɓallai birjik, ta yi mai manya guda uku, da tazara tsakaninsu, da ƙaramin katako a gefe inda diddige zai tokara ya san inda yake. Na dama yana kai shi amo na gaba a cikin waƙa, na hagu yana mai da shi baya. Na tsakiya kuwa, duk inda yake, duk abin da ya rikice, yana dawo da shi amon jita zalla mai sanyi. Ta liƙa wa na dama guntun tayar keke, na hagu ta bar shi sumul, ta kuma aike shi ya sayo takalmi mai siririn tafi irin na masu hawa rufi.

Gwajin farko bai yi ba. Kowace takawa sai amon da ke maƙwabtaka da wanda ake so ya fito. Sakuji ya ajiye jita ya ce ya gode, a bar shi haka. Tokiko tana tauna alawa tana duba lambobin, can sai ta fashe da dariya. Ashe tsohon akwatinsa daga sifili yake fara ƙirga, sabon farantin kuma daga ɗaya. Ta ce wannan kuskuren ne ta fi yi wa mutane faɗa a kai tun tana budurwa, ga shi yau ya kama ta. Ta gyara lambobin, amo ya zauna inda ya kamata.

Saura matsala guda, wadda ta fi ta waya wuya. A zaurenmu masu rawa ne ke zaɓar waƙa, su aiko da sunanta a tsakiyar wasa. Sakuji ba zai iya karanta fuskar akwati ya nemo waƙar ba. Tokiko ta ce mafita ɗaya ce: a ja waya daga fiyanona zuwa akwatinsa, ta yadda in na zaɓi waƙa a wurina, saƙo zai tafi, nasa ma ya koma kanta. Hakan kuwa yana nufin sauran makaɗa za su ga wayar su yi tambaya.

"Wato Chizuru za ta riƙa ja na da igiya kamar karen gida," in ji shi.

"Waƙa kawai za ta buɗe maka. Abin da za ka yi a cikinta naka ne, ita ba ta iya ba." Ta naɗe wayar ta ajiye a bayanta. "Kuma ba zan ba ka kayan nan ba sai ka gaya wa abokanka da Daimon-san. Ni ba na shirya na'urar ɓoye ciwo."

Ya yi fushi ya sauka ya bar takalminsa ɗaya a hannuna. Kwanaki ba mu ji daga gare shi ba, ni kuwa na fara tambayar ko ana neman mai koyar da fiyano a wani wuri. Sai ga shi ranar atisaye ya zo, ya tsaya a gabanmu ya faɗi komai kansa a sunkuye. Mai gangarmu ya ce shi dama ya ɗauka girman kai ne ya sa Sakuji ya daina amsa masa gaisuwa daga gefe. Daimon-san ya ce a gwada ranar Lahadi, ya gani.

Lahadin nan zauren ya cika. Tokiko ta zo, ta zauna a bayan labule da wata wayar a cinya saboda ko-ta-kwana. Waƙoƙin farko suka wuce lafiya. Sai aka aiko da buƙata, na duba, waƙar nan ce mai sanyi da aka yi ɓarnar a cikinta. Na ɗaga kai na ga matar da ta faɗi, hannunta har yanzu a ɗaure, ita ce ta aiko, tana riƙe da mijinta tana jira.

Na zaɓi waƙar, na ce wa Sakuji a hankali ta shiga. Muka fara. Da muka kusa wurin da jita ke tashi ita kaɗai, na ga ƙafarsa ta ɗaga ta sauka a kan maɓallin hagu, wanda ba shi ba. Bai danna ba. Tafin ƙafarsa ya ji sumul, ya zame zuwa dama har ya sami tayar keke, ya taka daidai lokacin da ya dace. Amon ya buɗe mai faɗi, mai taushi, yadda yake yinsa tun muna da baƙin gashi. Tsohuwar ta ɗora kanta a ƙirjin mijinta suka ci gaba da juyawa, babu wanda ya san abin da ya kusa faruwa sai ni da mai zaman bayan labule.

Da aka tashi Daimon-san bai ce komai a kan faifai ba, ya dai tambaya ko za mu iya ƙara ranar Laraba. Sakuji ya je bayan labule ya rusuna har ƙasa, ya fara godiya. Tokiko ta ce tsirkiyarsa ta uku ta ɗan sauka, ya je ya ɗaure ta.

Toki-san, ke ce kika zauna a ƙasa kina kallon ƙafar mutum lokacin da mu muke kallon na'urarsa. Ke ce kika ƙi taya shi ɓoyewa, alhali da kin yi shiru kin karɓi kuɗinki babu mai zarginki. Mai kaifin baki, mai sanyin hannu. Mutum biyar suna cin abinci yau saboda ke, kuma ɗayansu ya daina jin kunyar idonsa.

Da muka ji za ki rufe shago, tsoro ya sake kama mu, domin kowace sabuwar waƙa ke kike shigar mana da ita. Ashe kin riga mu tunani. Duk tsawon bazarar nan kin sa ni hawa benen nan, kina koya mini yadda ake jera amo, yadda ake daidaita tashar da na'urorin biyu ke magana a kai, da inda ake fara dubawa in sun ƙi jin juna. Kin kira ni mai kan dutse fiye da yadda zan iya tunawa. Makon jiya na shigar da sabuwar waƙa ni kaɗai a gida, muka kaɗa ta, ta fita daidai. Na buga miki waya ina murna, kika ce to me nake so, lambar yabo?

Abu ɗaya ta roƙa kafin ta tafi. Ta ce duk shekarun nan daga bayan labule take jin kiɗa, so take ta ji yadda yake daga gaba. Larabar da ta wuce ta zo da riga mai furanni, Daimon-san ya miƙa mata hannu. Ba ta iya rawa ba ko kaɗan, ta tattaka masa ƙafa son ranta, kuma ba ta zauna ba sai da muka gama.

Mun gode, Toki-san. Ki huta, ki ci lemon Wakayama, ki bar gwiwoyin nan su sarara. Ku kuma masu sana'a a hannu, ko wace iri ce, akwai wani kusa da ku da yake shirin ajiye aikinsa saboda jiki ya fara gazawa, yana kuma jin nauyin faɗa. Kada ku jira ya yi bankwana. Ku kira shi, ku duba abin da har yanzu yake iyawa, ku gina masa a kai, sannan ku koya wa na kusa da shi kafin ku tafi.

Sakuji yana nan yana kaɗawa. Ranar Lahadi ma muna da wasa.