Ruwan Sanyi da Sunan 'Yar Fari

Mun tashi daga garin Germantown, nan Amurka, ana idar da sallar asuba, ni da 'yata ta fari. Uwarta ta miƙo mana fulas ɗin shayi da ƙunshin ƙosai, tana maimaita min cewa amana ta ba ni. Na karɓa, muka kama hanya.

Yarinyar tana karatun halittun ruwa a jami'a, kuma an ce ba za a ɗauke ta aikin bincike a tekun arewa ba sai ta saba da nutso a ruwa mai sanyi. Masu nutso kuwa ba sa shiga su kaɗai. Ƙawarta da suka shirya tare ta kwanta mura, sai abin ya faɗo kaina, saboda na taɓa koyon nutso da tukunyar iska a Masar shekarun baya. Amma ruwan Masar kamar an surka maka shi ne.

Babbar hanyar da muke rarrafe a kanta ranakun aiki ta zama wayam. Muka wuce Frederick, muka shiga gonakin masara da shanu masu ƙiba har Pennsylvania, inda mai ya fi na wajenmu tsada. Rigunan shiga ruwan sanyi muke nema, amma shagon kayan nutso na farko da waya ta nuna mana, mun tarar ya koma na masu sayar da taya. A na biyu rigunan roba marasa kauri kaɗai ke akwai, na masu zuwa hutu ƙasashen zafi. Mai shagon ya ce idan muka shiga da su sai dai a ɗauko mu, ya kwatanta mana wata tsohuwa da ke da shago a bakin wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika. Can mutanen yankin suke nutsonsu.

Tsohuwar ba ta da yawan fara'a, amma ta san aikinta. Ta ba mu hayar riguna masu kauri da hula da safar hannu, a kan kuɗin da ya sa na yi salati a zuci. Sannan ta miƙo min wata gajeriyar igiya. Ta ce ruwan ya gurɓace, kowa ya riƙe gefe ɗaya, ko mu riƙe hannu. Idan muka ɓace wa juna, a ɗan duba, sannan a hau sama a hankali a jira.

A nan gizo ke saƙa. Ni ɗan cikin birnin Kano ne, a gidanmu uba yana jin kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin mahaifina ya ambaci sunan yayanmu ba, ni ma haka na ɗauko. Tun da aka haifi yarinyar nan “ke” nake ce mata, ban taɓa kiran sunanta ba, balle riƙe hannu. Ba rashin so ba ne, Allah ya sani. Ita da ta tashi a nan ta taɓa tambayar uwarta ko wani laifi ta yi min. Sai na cusa igiyar a aljihun riga, na ce ta yi gaba zan bi ta a baya. Ta dube ni, ta shige gaba.

Ruwan ya fara da kore, ya koma ruwan ƙasa. Da muka ƙara nitsawa wani sanyi ya sare min goshi, har haƙorana suka amsa. Ina hango takalman ninƙayarta suna kaɗawa a gabana, mun nufi wata tsohuwar mota da aka nutsar don masu koyo. Sai ruwa ya fara shigo min tabarau na nutso ta wajen gashin baki. Na tsaya in fitar da shi. Da na buɗe ido, babu ita.

Na juya dama, na juya hagu, laka ce kawai ta turnuƙe. Numfashina ya fara sauri, ina jin ƙararsa a kunne. Zuciyata ta ce in harba sama, amma wanda ya hau da gaggawa huhunsa ke biya. Ban taɓa yin tafiyar da ta yi min tsawo kamar wannan hawan ba. Muryar uwarta kaɗai nake ji, ga igiyar tana nan a aljihuna.

Na fito sama, ruwan shiru, ba kowa. Na tofar da abin shaƙar iska, na buɗe murya na kira sunanta. Na sake kira, duwatsun ramin suna maido min da shi. Ban damu da wanda ke kallo daga baki ba. Tsoro ne irin wanda ban taɓa ji ba.

“Abba.”

A bayana take. Ta bi ƙa'ida, ta duba, ta hau a nitse. Ta ɗage tabaranta, leɓenta na rawa don sanyi, ta ce da gurguwar Hausarta, “Ashe ka san sunana.”

Na zaro igiyar na miƙa mata gefe ɗaya.

Mun huta, mun sha shayi da ƙosan da ya yi sanyi, muka koma. Wannan karon har cikin motar muka leƙa, muka tarar da manyan kifaye sun mayar da ita gida. Duk lokacin da igiyar ta motsa, sai in ji raina ya kwanta.

Da yamma muka kamo hanya, ta yi barci tun kafin Frederick. Abin da na koyo bai da yawa. Wanda zai nemi ruwan sanyi ya tambayi mutanen wurin, kada ya dogara da waya, kuma ya karɓi igiyar da aka ba shi. Kunya ado ce, amma a tudu.

Da muka isa gida na tsaya a bakin mota, na kira ta da sunanta ta zo ta ɗauki fulas. Uwarta ta tsaya a ƙofa tana kallona kamar baƙo. Na san kun lura ban rubuta muku sunan ba. Ku yi haƙuri, ba a rabuwa da hali rana ɗaya. Mai sunan dai ta ji.