Sunana A Jikin Kwali, Fuskata A Bidiyo

Edita, ina rubuto muku wannan ne har yanzu gabana bai daina faɗuwa ba. Ban daɗe da gama sakandare ba kawuna ya ɗauko ni daga Kano ya kawo ni Guangzhou, in riƙa taya shi aiki a ɗan ofishinsa na kago, wato aika kaya zuwa gida, a unguwar Dengfeng. Ni ke karɓar kayan da masana'antu ke aikowa. Wanda ya san harkar ya san al'adar: baƙon da ya zo baje kolin Pazhou ba shi da adireshi, sai ya ari naka, a aiko masa samfur da sunanka da lambar wayarka a jikin kwali. Ba a tambayar abin da ke ciki. Tambayar ma rashin kunya ake ɗaukar ta.

A haka na san wani Alhaji, mutum mai sanyin murya, wanda suke zuwa Juma'a da kawu a Masallacin Huaisheng. Ƙanwata yake ce mini, wani lokaci ya tsokane ni wai ni ce laoban ɗin ofis, wato shugaba da Sinanci, kawu yarona ne. Ya ce so yake ya buɗe wurin wasan harbi a gida. Wata Asabar da rana ya kai ni da wata ƙawata irin wannan wurin a bayan gari, inda sai an duba fasfo, kuma kowace bindiga an ɗaure ta da sarƙa a jikin tebur.

Nan na ga ya san abin fiye da ɗan kasuwa. Ya nuna mini wata gajeriya, ya ce kyau gare ta amma wahalar saiti, hannu ya ɗan motsa kaɗan harsashi ya yi nasa wuri. Ya nuna mini fistol mai ja da baya idan an harba, ya ce sauri gare ta, sai dai takan ɗaga hannun wanda bai saba ba. Sannan ya ɗora mini libarba mai dogon baki, ya ce nauyinta da laushin kunamarta su ke sa ta zauna daram. Haka kuwa aka yi. Da gajeriyar na watsa hujoji ko'ina a takarda, da libarbar suka taru wuri guda. Ina ta murna, shi kuma yana ɗauka ta bidiyo yana dariya, wai ga wadda kyankyaso ke sa wa ihu ta zama soja. Can sai ya tambayi mai koyar da harbin ta manhajar fassara a wayarsa wacce ce saitinta ba ya lalacewa idan an wargaza ta an sake haɗawa. Mutumin ya daɗe yana kallon sa, ya ce meiyou, wato babu, ya janye bindigar daga gabana. Abin ya ɗaure mini kai, amma na share.

Bayan kwanaki kwalin samfur ɗinsa ya iso da sunana, an rubuta kayan wasan yara. Nauyinsa ya fi ƙarfin roba. Gefensa ya yage, kuma warin man da na shaƙa a wurin harbi shi ya bugi hancina. Na leƙa, sai ga ƙarafa a nannaɗe, cikinsu har da kewayayyen nan na libarba mai ramuka da ake zuba harsashi. Da na kira shi ko muryarsa bai ɗaga ba. Ya turo mini bidiyon nan, ya ce ƙanwata in duba da kyau sunan wa ke jikin kwali, fuskar wa ke riƙe da bindiga, a ƙasar da ba ta wasa da wannan laifi. Ya ce in sa shi a kwantena cikin kayan kekuna, kada in tayar wa kawu da hawan jini.

Na zauna a kan buhu ina kuka, sannan na faɗa wa kawu. Bai yi mini faɗa ba. Ya nemo tafinta muka kai kanmu wurin 'yan sanda. An riƙe fasfona, an yi ta maimaita mini tambaya ɗaya har harshena ya bushe. Saƙonnin wayata ne suka cece ni, da mai koyarwar nan da bai manta tambayar da aka yi masa ba.

Alhaji kuwa ya ɓace, ban san ko an kama shi ba. Bidiyon yana wajensa, kuma ya san unguwarmu a Kano. Ko yanzu idan baƙuwar lamba ta kira ni, sai ta katse ban ɗaga ba. 'Yan'uwana masu aikin kago, kada kunya ta sa ku ba da sunanku a kwalin da ba ku buɗe ba. Ranar nan na ɗauka saiti ake koya mini, ashe ni ake saitawa.