Kawu Iliya da Ɗakin Ninki

Duk wanda ya yi sakandare a Kiru a shekarun tamanin ya san Kawu Iliya, malamin bayoloji, wanda ba ya ganin ƙyalle a yashe sai ya ninke shi. Ko hankicin baƙo ne! Yana ninkewa yana cewa, "Kowace ƙwayar halitta a jikinka tana da ɗakin ninki. Nan ake ninke furotin, sinadarin gina jiki, kamar rigar Sallah. In ninki ya lalace, kai ma ka lalace."

Wai in kaya suka yi wa ɗakin yawa, ƙwayar sai ta tsayar da karɓar sabon aiki, ta kira 'yan taya ninki, ta warware abin da ya karkace. To, da wannan doka Kawu yake tafiyar da duniya. Ranar sunan 'yarsa, da ya ga mata sun rikice a madafa, sai ya tare ƙofar zaure. "A dakata! Ana gyara a ciki." Har surukinsa da ya taso tun daga Doguwa sai da ya zauna a dakali. Inna Hajara, matarsa, ta daɗe tana gaba da shi.

Ga kuma maganar kalsiyam, sinadarin nan mai ƙarfafa ƙashi. Wai ɗakin ninkin nan shi ne rumbun kalsiyam ɗin, in rumbun ya tsiyaye ƙwaya ta rikice. Don haka in Inna ta fusata sai ya ce, "Hajara, rumbunki na yoyo." Ita kuwa ta ce, "Malam, bari in ɗauko muciya in toshe naka!"

Ni ma na sha nawa. Lokacin ina tela a Kwanar Dangora. Gab da wata ƙaramar Sallah ɗinki ya binne ni, ina ganin jiri, na fara yanka wuyan riga a karkace. Sunana na neman ɓaci, jikina na neman faɗuwa. Kwatsam sai ga Kawu a kan kekensa. Ya ɗaga riga ɗaya, ya yi tsaki, ya jawo benci ya gicciye ƙofa. Wani Bafulatani daga Falgore ya iso da yadinsa, Kawu ya ce, "An rufe karɓa."

Na ce, "Haba Kawu, za ka kashe mini kasuwa!"

"Kai Sabo, in ka faɗi, kasuwar ce za ta taka keken ɗinkin?"

Ya jawo teloli biyu daga maƙwabta, ya sa aka farke karkatattun, ya kora ni barci, shi ya zauna ninki. Wallahi kowa ya sa rigarsa ranar Idi. Har Bafulatanin ya dawo bayan Sallah, wai yana son ganin maigadina, wato Kawu.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na je gaishe shi a Bebeji, na tarar ya ninke rigunansa duka, ya faɗi wanda za a ba kowace. Ya ce, "Sabo, likitoci sun taya gyara, ya ƙi. Ƙwaya mai mutunci in gyara ya ƙi, tattara kanta take yi ta tafi, ba ta bar wa maƙwabta ɓarna. Ni dai lokacin Allah nake jira." Sai hawaye suka zubo mini.

Ni na yanka likkafaninsa. Na ninke, na warware, na sake ninkewa, don na san halinsa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya ba shi hutun da ya tilasta mini na yi. Amin.